Yadda Ake Cin Hot Pot a China Ba Tare da Ka Rikice Ba

In dai kasuwa na kai ka Guangzhou ko Yiwu, wata rana sai wani abokin ciniki ya ce maka zo mu je hot pot, su can huoguo suke ce masa, wato tukunyar wuta. Tukunya ce ake ɗorawa a tsakiyar tebur romo na ta tafasa, a jero muku komai ɗanye, kowa ya dafa nasa da hannunsa. Wallahi akwai daɗi, amma fa sai ka san kan abin.

Na farko, tun kafin ka zauna ka duba ko akwai alamar 清真 a ƙofa, qingzhen kenan, halal. Kar ka ce ai ni naman rago kawai zan ci, don matsalar a cikin romon take, wasu da ƙashin alade suke haɗa shi, ga jinin agwagwa da ake sakawa a tukunya ɗaya da taka. In kana Beijing ka nemi gidan abincin Donglaishun, wani Musulmi ɗan ƙabilar Hui ne ya kafa shi tun 1903, har yau tukunyar tagulla mai bututu a tsakiya suka shahara da ita.

Sai zaɓen romo. Ka ce a ba ku yuanyang, wato tukunya mai gida biyu, gefe ɗaya ja mai yaji ɗaya kuma fari. Na san mu da cika bakin mun saba da yaji, to na Chongqing da Sichuan daban ne malam, akwai wasu ƴaƴan huajiao a ciki da ke sa leɓe da harshe su yi jimm kamar an maka allurar kashe zafi, shi ya sa gefen farin zai maka rana.

Daga nan ka tashi ka haɗa abin dangwale. Ƴan Beijing niƙaƙƙen riɗi suke so, ƴan Chongqing man riɗi da tafarnuwa, kuma man nan yana rage zafin yajin sosai.

Yanzu dahuwa, nan ne baƙo ke kwafsawa. Bari romo ya tafasa tukuna. Naman an yanka shi siriri kamar takarda, ka riƙe da tsinken cin abincinsu (chopsticks) ka tsoma, da ya canza kala ka cire, in ka sake shi ya ɓace a ciki sai ya dawo kamar roba. Tumbi ma haka, suna da wata magana wai sama bakwai ƙasa takwas, ka dinga tsomawa kana ɗagawa kamar sakan 15 shikenan. Dankali da awara da curin nama su sukan ɗan jima, sai ka zuba su da wuri ka kwaso da ludayi mai huji. Ganye kuwa a gefen fari, don yana shan mai da yaji ba kaɗan ba. Taliya a ƙarshe, tana kaurara romo. Kuma don Allah tsinken da ka ɗauki ɗanyen nama da shi kar ka kai baki, ka nemi wani daban.

Kar ku yi oda da yawa tashi ɗaya, ana ƙarawa a hankali, yawancin wurare ma lambar QR ce a kan tebur ka yi sikanin da manhajar WeChat a wayarka. Ka karɓi ƙyallen ɗaurawa a gaba in sun ba ka, kuma kar ka je da farar shadda, jan man nan in ya fallatsa ba ya fita da sauƙi.