Yadda Za Ka Fara Haɗa Kiɗa a Legas Ba Tare da Ka Ƙona Kuɗinka a Kaya Ba

Kusan duk yaron da ya same ni da maganar yana so ya zama furodusa, tambayarsa ta farko ita ce wace sifika zai saya. Na sha ganin matashi a Agege ko Idi-Araba ya yi wata da watanni yana tara kuɗin dako ko na sayar da kayan waya, ya tafi kasuwar kayan lantarki ta Alaba ya dawo da manyan sifiku biyu da mikisa mai layi goma sha shida, alhali ba shi da kwamfutar da za ta ɗauki aikin. Kafin shekara ta zagayo ya sa su a kasuwa a rabin kuɗi. Abin yana ba ni takaici, domin da yawansu suna da kunnen kiɗa na gaske, jerin sayayyar ne kawai suka juya. Sifika ita ce ta ƙarshe, ɗan'uwa. Ga yadda ake bi.

Fara da kwamfuta

Laftof za ka nema, ba ta tebur ba, kuma dalilin ɗaya ne: wuta. Ta tebur da an ɗauke wuta ta mutu da aikinka a ciki. Je ka Computer Village a Ikeja ka nemi ta hannu, wadda a nan ake ce wa tokunbo. Kada ka sauka ƙasa da Core i5 zubi na 8, domin daga nan ne Windows 11 take karɓa, Windows 10 kuwa Microsoft ta daina kula da ita tun Oktoban 2025. RAM aƙalla GB 8, in da hali 16. Ma'ajiya lallai ta zama SSD. HP EliteBook 840 G5 da Lenovo ThinkPad T480 ana samun waɗanda suka cika waɗannan sharuɗɗa a cikinsu, kuma kayan gyaransu ba sa wuya a titin Otigba da ke cikin Computer Village.

Kada ka biya a bakin titi. Shiga shago, a kunna ta a gabanka, ka cire caja ka zauna minti ashirin kana kallon yadda batirin yake sauka. Soka filashi a kowace kafar USB. Karɓi rasit mai lambar na'urar. In akwai wanda ya san kwamfuta a unguwarku, biya masa kuɗin mota ya raka ka, ya fi maka sauƙi a kan asara.

Wanda bai da kuɗin laftof tukuna, ya sauke BandLab a waya, kyauta ce. Mai iPhone yana da GarageBand. Ba za su kai ka ƙarshen tafiya ba, amma za ka koyi jera ganga da ƙidayar kiɗa kafin kuɗi su taru.

Manhaja ɗaya tak

Ɗauki FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta. Na san masu Cubase za su yi gardama, musamman waɗanda suka koyi aiki a sitidiyon Kano, kuma Cubase ba ta da laifi. Amma kana Legas ne. Nan duk lungun da ka shiga za ka tarar da mai FL Studio, in ka maƙale da dare akwai wanda za ka kira, darussanta kuma sun cika YouTube. Kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ne yake yin ta, kuma in ka saya sau ɗaya duk sabon zubin da ya fito kyauta ne har abada. Ka lura da abu biyu. Mafi arha cikin nau'o'inta, wato Fruity, ba ta ɗaukar murya daga makirfo, saboda haka nau'in da ake kira Producer za ka yi wa tanadi. Ta gwaji kuma tana barinka ka yi komai har ka fitar da kiɗan, sai dai ba za ta sake buɗe aikin da ka ajiye ba sai ka biya.

In kuɗin sun yi maka nauyi, akwai Reaper: kwana 60 na gwaji da komai a buɗe, lasisinta dala 60, kuma ba ta wahalar da ƙaramar kwamfuta. Logic Pro sai mai Mac ko iPad, ka manta da ita yanzu.

Za a yi maka tayin zuba maka manhajar sata da tarin fulogin ɗari biyu, wato ƙananan manhajojin sauti da ake ƙarawa a cikin babbar, a kan kuɗi kaɗan. Ban yarda da wannan ba. Haƙƙin wasu ne, sannan irin waɗannan su ne suke shigo da cutar kwamfuta, su kuma rufe kansu ana tsakiyar ɗaukar mawaƙi. Na kyauta masu kyau suna nan: Vital domin ƙera sauti, TDR Nova domin gyaran murya, Valhalla Supermassive domin amsa-kuwwa. Da waɗannan da abin da ya zo cikin manhajar, ka wadatu na shekara guda.

Sai hedifon. Mai waya, mai rufe kunne ruf, irin Audio-Technica ATH-M20x, ko M40x in aljihu ya yarda. Na Bluetooth ba ya aiki a nan, sautinsa yana makara. Daga nan ka rufe aljihunka. Wata uku kada ka ƙara sayen komai, ka zauna ka haɗa kiɗa.

Hanyar koyo mafi sauri ita ce kwaikwayo. Ɗauko waƙar da kake so, ka jefa ta cikin manhaja, ka gano saurinta, ka sake gina gangarta da kanka. Afrobeats yawanci tsakanin bugu 95 da 110 a minti yake tafiya, amapiano wajen 112. Kiɗan kalangu da yawancin na bikinmu kuwa a kan uku-uku suke tafiya, to sai ka sauya layukan manhajar zuwa kashi uku, in ba haka ba za ka yi ta mamakin me ya sa kiɗan ya ƙi rausaya. Ga wani sauƙi kuma: da yawa daga waƙoƙinmu a kan sauti biyar aka gina su, baƙaƙen maɓallan fiyano kuwa sauti biyar ne cif. Fara da su. Kuma duk kiɗan da ka fara ka kai shi ƙarshe, ko da bai yi daɗi ba. Masu tara guntayen daƙiƙa goma sha biyar guda ɗari ba sa zama furodusa.

Ɗaukar murya, inda ake faɗuwa

A nan nake so ka nutsu, domin a nan ne na ga mafi yawan yara sun karaya. Kiɗa ya yi kyau, mawaƙi ya iya, amma da an ɗora murya sai ka ji kamar a banɗaki aka ɗauka, ga wani zuuu a ƙarƙashi da ya ƙi fita. Sai yaro ya ɗauka makirfonsa ne ba shi da tsada, ya sake cin bashi. Ba makirfo ba ne. Ɗaki ne, da wuta, da yadda aka buɗe ƙarfin shigar sauti.

Kana bukatar saun kad, wato na'urar da ke haɗa makirfo da kwamfuta, mai kafa ɗaya ko biyu. Focusrite Scarlett Solo ta isa, Behringer UMC22 ta fi arha kuma tana aiki. Mikisa ba ta da amfani a wurinka. Da ka haɗa, sauke direbanta, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta, daga shafin kamfanin, ka shiga saitin sauti ka zaɓi ASIO. A wurin akwai saitin da ake kira bafa (buffer): lokacin ɗauka sa shi a 128 ko 256, domin mawaƙi ya ji kansa ba jinkiri. Lokacin gyara ka ɗaga shi zuwa 512 ko 1024 kwamfuta ta huta. Wannan ɗan saitin kaɗai ya sa mutane da yawa sun sayar da laftof mai lafiya suna cewa ta gaza.

Makirfo iri biyu ne. Akwai kwandensa, irin AT2020, wanda kake gani a hotunan sitidiyo, mai bukatar ka danna maɓallin 48V. Akwai kuma dainamik, irin Shure SM58 na kan dandali. Kowa kwandensa yake so saboda kyan gani. Amma kwandensa yana jin komai: janaretan maƙwabci, kwandastan motar haya ta danfo yana kiran Oshodi, jirgin ƙasa in kana kusa da layin dogo a Agege, jirgin sama mai sauka Ikeja, har fankar ɗakin da ke bayanka. In ɗaki ɗaya kake haya a gidan yawa, dainamik za ka saya, ka sa mawaƙi ya matso har leɓensa ya kusa taɓawa. Muryarsa za ta rinjayi hayaniyar. Ka dai yi hattara, SM58 yana cikin makirfon da aka fi yi wa jabu a duniya. In ka ji farashin ya yi daɗi fiye da kima, ajiye shi. Waɗannan masu ruwan zinare da ake haɗawa da ƙarfen maƙalawa a kwali ɗaya kuma, bar su inda ka gan su, araha ba ta ado.

Yanzu ɗaki. Tsaya a tsakiya ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji wani ƙara siriri ya biyo bayan tafin, to shi ne zai hau kan kowace murya da ka ɗauka, kuma babu fulogin da zai cire shi tsaf. Ɗakunan Legas da tayil da bangon siminti tsirara sun fi kowane yin haka. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya maganin komai, sai tara kyankyasai da haɗarin gobara. Abin da yake aiki yana gidanku: jingina katifa a bango, mawaƙi ya juya mata baya, domin makirfo abin da ke gabansa yake ji, wato mawaƙin da bangon da ke bayansa. Shimfiɗa darduma ko kafet a ƙasa. Rataya bargo mai nauyi a taga da ƙofa. In akwai wadirof cike da kaya, buɗe shi ya fuskanci wurin. Sake tafawa, za ka ji bambanci nan take. Ka sani wannan amsa-kuwwar cikin ɗaki yake kashewa, ba ya hana ƙarar waje shigowa. Maganin ƙarar waje lokaci ne. Tsakanin ƙarfe ɗaya da huɗu na dare garin yake lafawa, kafin masu sammakon fita aiki su tashi. Ka nemi izinin maƙwabta tukuna, ka kashe fanka, ku yi haƙuri da zufa na minti goma, a buɗe ƙofa a sha iska, a koma.

Sai zuuu ɗin nan. Yawanci daga wuta yake, domin gidaje da yawa ba a yi musu wayar ƙasa yadda ya kamata ba, janareta kuma ya fi muni. Gwajin mai sauƙi ne: sa hedifon, buɗe makirfo, zare cajar laftof. In ƙarar ta ɗauke, ka gano ɓarawon. Daga yau da batiri za ka riƙa ɗaukar murya, shi ya sa na dage a kan batiri tun a kasuwa. In ba ta ɗauke ba, sauya wayar makirfon, ka tabbata XLR ce mai haƙori uku, kuma kada ta kwanta a kan wayar wuta. Ajiye wayoyin hannu nesa. In kana da inbata, ka tabbata mai tsabtar wuta ce wadda ake kira pure sine wave, ɗaya irin tana zuba ƙara a cikin sauti.

Na ƙarshe a wannan babi, ƙarfin shiga. Sa mawaƙi ya rera wurin da ya fi ɗaga murya, kai kuma kana murɗa maɓallin gain na jikin saun kad har mitar sauti ta cikin manhaja ta tsaya wajen -12, kada ta wuce -6. Da ka ga ja, murya ta fashe, kuma abin da ya fashe ba ya gyaruwa, sai a sake. Yara suna tsoron ƙaramin sauti, alhali in a saitin ingancin sauti na 24-bit ka ɗauka, ƙaramin sauti ana ɗaga shi daga baya lafiya lau. In kwandensa ne, tazarar taƙi ɗaya tsakanin baki da makirfo, da rariyar tare iska a tsakani. Ba sai ka saya ba, lanƙwasa wayar hanga ka ja safar mata mai shara-shara a kai. Kuma a rage ƙarar hedifon mawaƙi, kada kiɗa ya tsiyaya cikin makirfo.

Sauran

Fiyano na MIDI, wato wanda ake jona wa kwamfuta, mai maɓalli 25, irin Akai MPK Mini, sai ka ga linzamin kwamfuta ya fara takura maka. In akwai tsohuwar Yamaha PSR a gida mai kafar USB, ita ma za ta yi wannan aikin, kada ka sayi wata.

Wajen gyara, rage ya fi ƙari. Yanke ƙasan murya daga wajen 80 zuwa 100 Hz, sa kwamfuresa mai daidaita ƙarfin murya kaɗan, amsa-kuwwa kaɗan. Otatun, fulogin da ke daidaita murya da sautin kiɗa, ba ya aiki sai ka gaya masa makullin waƙar daidai, in ka kuskure sai ya ja muryar inda mawaƙi bai nufa ba. Akwai irinsa na kyauta mai suna Graillon. Idan ka gama, saurara a sifikar waya, da ƙaramar sifikar Bluetooth irin ta mai shayi, da cikin mota, domin a nan mutanenka za su ji ta. Fitar da fayil ɗin WAV mai cikakken inganci ka ajiye, MP3 domin rabawa, in ta WhatsApp ne ka tura a matsayin takarda (Document) don kada ta matse sautin. Kwafi ayyukanka a wata ma'ajiya ta daban duk mako.

Duk wanda za ka yi wa kiɗa, ko abokinka ne na ƙuruciya, ku rubuta nawa zai biya, da ko sayar masa ka yi gaba ɗaya ko kana da kaso, kafin waƙar ta hau Audiomack ko Boomplay. Rabin kuɗi kafin a fara, cikon kafin ka tura WAV. Daga irin wannan kuɗin ne za ka sayi sifikun, Yamaha HS5 ko KRK Rokit 5, masu inci biyar, domin ɗakinka ba zai ɗauki masu inci takwas ba.