Motar LEGO mai rimot: kurakuran da ke karya giya da cinye batir, da yadda ake gyara su

Akwai wata ƙara da duk mai haɗa motar LEGO Technic mai inji ya sani: ƙas-ƙas-ƙas daga ƙarƙashin mota, taya na tsaye cik, inji kuwa sai juyawa yake. Haƙoran giya ne ke tsallake juna. Da sabon shiga ya ji ta, abin da ke zuwa masa a rai shi ne ya nemo inji mafi ƙarfi, ko ya ƙara na biyu. Nan ne aka fi yin asara, domin yawanci ƙarfin da ke akwai ya isa, hanyar da zai bi ya kai ga taya ce ta lalace.

Kamfanin LEGO na garin Billund a Denmark ya fara fitar da kayan Technic a 1977. A 2007 ya kawo tsarin Power Functions mai injuna da rimot, sai Powered Up a 2018, sannan Control+ a 2019, wanda ake sarrafawa da waya ta Bluetooth. Injuna sun canza, filogi ya canza, amma giya da shaf da sanduna masu huji har yau roba ce. Roba kuwa tana lanƙwasa, tana murɗewa, tana cinyewa. Wanda ya riƙe wannan a ransa ya rage wa kansa wahala mai yawa.

Mu fara da abin da ke riƙe giya. Idan giya biyu suna juya juna da nauyi a kansu, ƙoƙarinsu kullum su ture juna su rabu. In shaf ɗin da giyar ke kai ya shiga sanda ta gefe ɗaya kawai, ɗayan bakin yana lilo a iska, to da mota ta ci karo da bakin darduma zai karkace, haƙora su saki. Gyaran shi ne kowane shaf mai ɗauke da giya ya sami madogara ta gefe biyu, kusa da giyar, kuma sanda guda ta ratsa shaf ɗin biyu ta ɗaure su tare. Firam ɗin nan mai huji 5 da 7 an yi shi ne don irin wannan aiki, musamman wurin da juyi ke karya kwana ya shiga difarenshal, wato gidan giyoyin da ke raba juyi tsakanin tayar hagu da ta dama. Kada ka raina shi don yana cin wuri.

Ga gwajin da nake ganin ya fi kowanne amfani, kuma ba ya buƙatar batir. Cire injin, ka riƙe tayoyin da hannu ɗaya, ka murza shaf ɗin da ke shiga inji da yatsun ɗayan hannun, a hankali, idonka a kan giyoyin. Za ka ga wata sanda ta ɗan buɗe baki, ko wata giya ta zame gefe da kaurin farce, kafin ka ji ƙas ɗin farko. Wurin da ya fara motsi, nan ne za ka ƙara ɗauri. Giyar da ke zamewa gefe kuma zoben tsare shaf take so. Sai dai kada ka matse zoben ya manne da sanda. Bar ɗan sarari kamar kaurin takarda, in ba haka ba gogayya za ta cinye ƙarfin da kake ta tattali.

Tazarar giya tana da lissafi mai sauƙi wanda mutane da yawa ba su sani ba, sai su yi ta gwaji. Haɗa yawan haƙoran giyoyin biyu, ka raba da 16, abin da ya fito shi ne yawan hujin da ke tsakanin shaf da shaf. Mai haƙora 8 da mai 24 sun ba da 32, wato huji 2. Haka 12 da 20, haka 16 da 16. Mai 8 da mai 40, ko 12 da 36, ko 24 da 24, huji 3 ne. Amma 16 da 24 sun ba da biyu da rabi, don haka ba za su zauna daidai a miƙaƙƙiyar sanda ba, kuma in ka tilasta su ta wata kusurwa, ko dai su cije ko su yi sako-sako.

Kuskure na gaba ya fi ɓoyuwa, shi ne inda ake rage gudu. Ƙaramar giya in ta juya babba, gudu ya ragu, ƙarfin murɗa ya ƙaru. Mutum sai ya jera duk ragin a bakin inji, ya ninka ƙarfin sau tara, sannan ya tura shi ta dogon shaf da gaɓoɓi masu lanƙwasa da difarenshal kafin ya kai taya. Duk waɗannan sassan yanzu suna ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfinsu. Idan ka zaro shaf daga irin wannan mota za ka same shi a murɗe kamar igiyar guga, gaɓar kuma ta tsage a kunne. Injin XL, babban injin Power Functions, shi kaɗai yana iya yin wannan ɓarna. Dabarar ita ce a bar shaf ɗin tsakiya ya yi gudu da sauƙin nauyi, a kai ragin can kusa da taya. Don haka ne masu haɗa motocin hawan duwatsu suka rungumi mazaunin taya mai giya a ciki da ya zo da motar LEGO ta Unimog mai lamba 8110 a 2011, da kuma wanda ya zo da motar LEGO mai lamba 42099 a 2019, mai rage juyi sama da sau biyar a cikin tayar kanta.

A wurin da nauyi ya fi yawa, guji giya mai haƙora 8. Ita ce mafi rauni a gidan. Mai 12 a kan mai 36 tana ba da ragi iri ɗaya da 8 a kan 24, kashi ɗaya cikin uku, kuma haƙoranta sun fi kauri. Giya mai siffar dunƙulen sukuru kuwa, wadda ke juya wata amma ba a juya ta ta baya, wurinta winci ne da hannun kiren, inda ake son kaya ya tsaya in an saki rimot. A layin tuƙi tana zubar da ƙarfi mai yawa, tana kuma sa mota ta tsaya cak da zarar an ɗaga hannu. Farar giyar nan mai haƙora 24 da ke sulɓewa in nauyi ya yi yawa ita ma haka: tana kare sitiyari da winci, amma in ka sa ta a tuƙi, mota ba za ta hau ko littafi ba.

Ana kuma mantawa cewa girman taya shi ma giya ne. Injin M yana juyi kusan 400 a minti ba tare da kaya ba, XL kusan 220 amma da ƙarfi sosai. In ka cire taya mai faɗin milimita 62 ka sa mai 107, irin ta taraktar Claas Xerion, kowane juyi zai ci ƙasa kusan ninki ɗaya da kashi bakwai cikin goma, ƙarfin turawa kuma ya ragu daidai da haka. Wanda ya canza taya don kyau bai taɓa giya ba, shi ne ke mamakin yadda motarsa ta zama raguwa.

Launin ƙusoshin roba ba ado ba ne. Baƙa gajera da shuɗiya suna da cizo, an yi su don ɗaure abin da ba a son ya motsa. Ruwan toka mai haske da mai launin ƙasa-ƙasa santsi gare su, don abin da zai juya. Sa baƙa a hannun sitiyari ko a gaɓar shokazoba, mota ta ƙi dawowa daidai. Sa mai santsi a casis, wato ƙashin mota da ke ɗauke da inji da tayoyi, komai ya yi ta rawa.

A mota mai jan taya huɗu akwai abubuwa biyu da ke ruɗa mutane. Na farko, in shaf ɗaya ne ke juya difarenshal na gaba da na baya, dole babbar giyar ɗaya ta kasance ta hagu, ta ɗayan ta dama. In duk suna gefe guda, tayoyin gaba za su ja gaba, na baya su ja baya. Ɗaga motar sama ka kunna kafin ka rufe casis, daƙiƙa biyu sun isa ka gani. Na biyu, gaɓoɓi biyu masu lanƙwasa a kan shaf ɗaya sai kunnuwansu na ciki sun kalli layi guda. In sun saɓa, juyin zai riƙa zuwa da fizga, mota tana kakkarwa ba ka san dalili ba.

Shi kansa difarenshal, sai ka yanke shawarar inda motar za ta yi aiki. A kan tayil ko siminti yana da muhimmanci, domin a kwana tayar waje ta fi ta ciki tafiya, in babu shi mota za ta ƙi juyawa ta kuma wahalar da shaf. A kan duwatsu kuwa, da taya ɗaya ta tashi sama duk juyin zai gudu wurinta, ta ƙasa ta tsaya. Shi ya sa masu gasar Truck Trial ta bi da motocin LEGO ta wurare masu wuya, wadda ta yi ƙarfi a Poland, da yawansu ke kulle shi ko su cire shi gaba ɗaya. Mota guda ba za ta yi fice a duka biyun ba.

Sai wuta. Akwatin batir na AA yana cin guda shida. Na alkalin suna ba da bolt 9, masu caji na NiMH bolt 7.2, don haka gudu zai ɗan ragu, amma sun fi jure jan wuta mai yawa kuma sun fi sauƙi a aljihu in an daɗe. Batir mai araha irin na tocila da rediyo ba ya ɗaukar wannan aiki ko kaɗan. Idan mota tana tafiya sai ta mutu a kan tudu, ta farfaɗo bayan ɗan lokaci, ba lalacewa ta yi ba: akwatin yana da kariya da ke yanke wuta in an ja fiye da kima. Rage giya, ko ka raba injunan a akwati biyu. Akwai masu tsallakewa zuwa BuWizz, akwatin batir mai Bluetooth na wani kamfani a Slovenia, mai iya ba da sama da bolt 11. Abu ne mai kyau, ina kuma son sa, amma a casis mai rauni sauri kawai zai ƙara wa karyewa.

Rimot ɗin Power Functions da hasken infirared yake aiki, yana son ya ga na'urar karɓa ido da ido, rana mai ƙarfi kuma tana makantar da shi. Wanda ya fito da irin wannan mota tsakar gida da azahar zai ga ta daina jin magana a 'yan taku kaɗan. Kada ka binne na'urar karɓa a cikin bodi, kuma in a waje za ka yi wasa, nemi mai Bluetooth kamar SBrick na Hungary ko BuWizz. Kafin ka saya ka duba filogi, domin na Power Functions da na Powered Up ba sa shiga juna. Manhajar Control+ ma motocin kamfani kawai ta sani; motar da ka ƙirƙira da kanka sai manhajar Powered Up, ko Pybricks, ko BrickController 2 ga mai son riƙe abin buga gem maimakon shafa gilashin waya.

A sitiyari, injin Servo na 2012 yana juya digiri 90 kowane gefe ya dawo tsakiya. Kunna shi ya zauna a tsakiyarsa tukuna, ka miƙe tayoyin, sannan ka haɗa su. In ka haɗa a kashe, mota za ta riƙa cin gefe har abada. Kuma ka rage yawan giyoyi tsakaninsa da taya, domin kowace giya tana ƙara ɗan sako-sako, huɗu in sun taru mota ba za ta tafi a miƙe ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne in ga mutum ya ɓata makonni yana ƙawata bodi, fitilu da kujeru da madubi, a kan casis ɗin da aka gwada shi tsirara. Da an ɗora bodin sai shokazoba ta zauna ƙasa, giya ta fara kuka. Gwada casis da nauyi tun farko: ɗaura masa jakar sassa ko akwatin batir na biyu, ka hau da shi tudu, ka juya shi, ka buga shi da bango. Akwatin batir, wanda ya fi komai nauyi, ya zauna ƙasa kuma a tsakiya, ta inda za ka iya zaro shi ba tare da ka wargaza rabin mota ba.

Ƙura da yashi suna cin roba a hankali, balle a lokacin hunturu. Bayan wasa a waje, zaro shaf ɗin da suka fi gudu ka duba. In ka ga gari mai laushi a bakin huji, ko shaf ya yi siriri a wurin da yake gogar sanda, canza su tun hujin bai faɗaɗa ba. Wanke sassan roba da ruwa mai ɗumi da sabulu kaɗan, ban da inji da wayoyi, ka shanya a inuwa. Kada ka ɗiga baƙin mai ko man keken ɗinki, suna iya lalata roba kuma suna tara ƙura. In dole sai an sa, ɗigon man silikon ɗaya a kan haƙoran giya ya isa, kuma a motar da za ta yi yawo cikin yashi gara a bar ta a bushe.