Yadda Ake Tantance Tsohon Injin Huda Ƙarfe Kafin a Saya a Jos

Kafintoci da masu walda da yawa sun fi son tsohon injin huda na tsaye a kan sabo, kuma suna da hujja, domin irin su Meddings, Fobco da Startrite na Ingila, ko Delta da Walker-Turner na Amurka, da ƙarfen zubi mai nauyi aka ƙera su, shi ya sa ba sa rawa lokacin aiki. Jos, da haƙar kuza ta tara mata injinan Turawa tun zamanin mulkin mallaka, ba ta rasa irinsu, sai dai a yi cigiya a Dilimi, Katako ko wurin 'yan gwangwan.

Kada sabon fenti ya ruɗe ka, domin sau da yawa aibi ake rufewa da shi. Abin da kake saye a zahiri shi ne sandar da ke juyawa da kuma gangar jikin injin. Ka tafi da miƙaƙƙen ƙarfe mai kaurin milimita 10, ka ɗaura shi a bakin injin, ka juya fuli da hannu kana kallon ƙarshensa. Idan yana kaɗawa, to ko bakin ya ci, ko sandar ta lanƙwashe. Baki ana iya sauya shi, musamman idan mazauninsa irin ramin nan ne mai tsukewa da ake kira Morse mai lamba 2, wanda ya yawaita a irin waɗannan injina, amma lanƙwasasshiyar sanda asarar kuɗi ce. Daga nan ka sauke hannun injin har ƙasa, ka kama sandar ka girgiza ta gefe da gefe, domin a nan ne tsufa ke bayyana. Idan ka ji tana ƙwas-ƙwas a cikin gidanta, ramin da za ta huda ba zai taɓa fita daidai ba. Ka saki hannun a hankali ka ga ko sifirin zai mayar da ita sama.

Tsatsar sama da 'yan ramukan da masu gaggawa suka bari a teburin ba abin damuwa ba ne. Tsagewa kuwa, musamman inda teburi ya rungumi ginshiƙi, dalili ne na haƙura, saboda waldar ƙarfen zubi ba kowane mai walda ke iya ta ba.

Sai ka karanta farantin da ke jikin moton. Wutarmu bolt 230 ce mai zagaye 50 a kowane sakan, alhali yawancin ƙananan injinan Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne mai zagaye 60, don haka suna buƙatar tiransifoma, kuma gudunsu zai ragu da kashi ɗaya cikin shida. Na masana'antun Ingila kuma da yawa wuta mai layi uku suke ci, wadda ba kowane shago ke da ita ba. Kada ka biya sai an tayar da injin a gabanka, ko da janareta ne, ka saurari kukan boris.

Kuɗin bel, boris da naɗin koyil duk ka lissafa su kafin ka yi tayi, har da la'adar dillali. Wajen ɗauka kuma, a cire teburin a kwantar da injin cikin a-kori-kura a ɗaure, domin nauyinsa a sama yake, kuma faɗuwa ɗaya ta isa ta fasa kansa.