Yadda ake tafiyar da cibiyar zane ta 'yan asalin Ostireliya a ƙauye mai nisa

Cibiyar zane a ƙauyen Aborijin, wato 'yan asalin Ostireliya, mallakar masu zanen ce. Su ke zaɓen kwamitin gudanarwa, kwamitin kuma shi ke ɗaukar manaja aiki. Cibiyar Ernabella da ke ƙauyen Pukatja ta faro tun 1948, Papunya Tula kuma an kafa ta a 1972. Manajan da ya shigo yana jin shi ne mai gida ba ya daɗewa.

Ka fara da takardu. A wurare da yawa, ƙasar Aborijin ba a shigar ta kai tsaye, sai da izinin majalisar filaye ta yankin. Cibiyoyi da yawa suna da rajista a ORIC, ofishin rajistar ƙungiyoyin 'yan asalin ƙasar, ƙarƙashin dokar 2006. Shekarar kuɗi tana ƙarewa ranar 30 ga Yuni, babban taron mambobi kuma dole a yi shi kafin Nuwamba ya fita. Ka nemi tafinta, domin ga dattawa da yawa Turanci harshe na uku ne ko na huɗu, bayan Warlpiri ko Pitjantjatjara ko Yolngu. In ka kawo magana aka yi shiru, kada ka rubuta an amince. Ka bari a kwana a kanta, ka sake tambaya.

Sai kayan aiki. Yuendumu tana da kusan kilomita 300 daga Alice Springs, a yankin Arnhem Land na arewa kuwa damina tana datse hanyoyi daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, sai jirgin ruwan dakon kaya ko jirgin sama. Saboda haka ka sayi ƙyallen lilin, fentin akirilik da burushi na watanni tun hanya tana biyuwa. Ka tsaya a kan 'yan ma'aunai, kamar santimita 61 da 61 ko 122 da 91, don firam ɗaya ya yi aiki sau da dama. A ɗame ƙyallen a kan firam, a shafa farin share fage sau biyu, a bar na farko ya bushe kafin na biyu. Fenti a zuba shi kaɗan kaɗan a ƙananan robobi masu murfi, don zafin hamada yana busar da shi kafin azahar.

A arewa, irin su Yirrkala da Maningrida, a kan ɓawon itace ake zane. Da damina ake sare shi, lokacin da yake saɓulewa daga jikin bishiya ba gardama. A gasa shi a wuta, a danne da duwatsu ya miƙe, a bar shi ya bushe na makonni. Launin kuwa jar ƙasa ce da fara da rawaya, ana niƙawa a gauraya da gam. Gam ya yi yawa, zanen ya yi ƙyalli. Ya yi kaɗan, launin ya riƙa zuba.

Kafin ƙyalle ya bar hannunka, ka rubuta lambarsa da sunan mai zanen a bayansa. Da an gama, a ɗauki hoto, a auna, a shigar da shi manhajar SAM wadda Desart, ƙungiyar cibiyoyin zane na tsakiyar ƙasar, ke kula da ita, daga nan ne takardar shaidar asali take fitowa. Wajen rubuta labarin zanen ka yi hattara ƙwarai. Labaran kakanni, waɗanda Warlpiri ke kira Jukurrpa, kowanne yana da masu shi, akwai na maza zalla, akwai na mata zalla. Tambayar ita ce: wane ɓangare aka yarda baƙo ya karanta? Shi kaɗai za ka rubuta. Burushinka kuma kada ya taɓa zanen wani, ko da ɗigo ɗaya ne.

Maganar kuɗi ita ce ke raya cibiya ko ta rusa ta. Rabon da aka fi sani shi ne kashi 60 cikin ɗari ga mai zane, 40 ga cibiya, amma kwamiti ne ke yanke shi. Ɗauki misali, ban da haraji: gidan baje koli a Sidni ya sayar da zane dalar Ostireliya 5,000, ya cire la'adarsa ta kashi 40, saura 3,000. Mai zane ta karɓi 1,800, cibiya 1,200. Tsohuwar da jikanta ya nuna mata 5,000 a waya za ta tambayi ina sauran, kuma tana da gaskiya. Ka zauna da ita a ƙasa, ka zana da'ira, ka raba ta uku, ka nuna mata cewa kason cibiya shi ne fenti, mai na mota da kuɗin aika kaya. Wannan bayanin ana maimaita shi duk lokacin biya.

Ka sa ranar biya tsayayya, ka biya mutum shi kaɗai, don 'yan uwa sukan taru a bakin ƙofa, al'ada kuma ba ta bari a ce a'a. Bashin kafin ciniki a sa masa iyaka a rubuce. In babu iyaka, asusu zai ƙare alhali zane yana jibge. Kuɗin zane yana iya taɓa fanshon da gwamnati ke ba tsofaffi, sai ka nemi shawarar akanta kafin ka biya babban kuɗi a dunƙule. Jinkirin biya shi ke buɗe wa dillalan bayan fage ƙofa, masu zuwa da tsabar kuɗi ko tsohuwar mota su kwashi aikin wata guda a banza. Ka yi hulɗa da dillalan da suka sa hannu a ƙa'idar cinikin adalci ta Indigenous Art Code. Ka kuma yi wa kowa rajistar kason sake sayarwa: tun 2010, in aka sake sayar da zane a kan dala 1,000 ko fiye, kashi 5 na mai zanen ne.

In an yi rasuwa, aiki ya tsaya. Zaman makoki yana iya cin makonni, ƙauye ya watse. A wurare da yawa ba a ambaton sunan mamaci, Warlpiri sukan ce Kumanjayi a madadinsa. Ka sauke hotunansa daga bango da intanet, ka ajiye zanensa gefe har iyali su yi magana. Wasiyya tun da rai tana hana rigimar gado, lauyoyin cibiyar Arts Law kuma suna taimakawa wajen rubuta ta.

Kasuwa tana da lokacinta: bajen kolin Darwin a Agusta, na Desert Mob a Alice Springs a Satumba, sai ka fara ware manyan ayyuka tun farkon shekara. Tallafin gwamnatin tarayya na IVAIS yana taimakawa da albashi, amma rahoto a kan lokaci sharaɗi ne. Wajen aika kaya, a naɗe ƙyalle a kan bututu mai faɗi, fentin yana waje, don in yana ciki tsagewa yake yi. Ɓawo ba a naɗe shi, akwati ake yi masa.

Manajoji sukan gaji su tafi bayan 'yan shekaru. Tun makon farko ka koya wa matasan ƙauyen ɗame ƙyalle, ɗaukar hoto da shigar da bayanai, ka kuma ajiye kalmomin sirri, yarjejeniyoyi da lissafin bashi inda kwamiti zai same su ranar da ba ka nan.