Yadda Ake Gyara Hoton Kwamfuta Idan Ya Fi Allo Girma

Kafin ka taɓa saiti, fara gano irin matsalar, domin iri uku ce kuma kowace da maganinta. Motsa linzami zuwa gefen allo ka gani. Idan hoton yana bin linzamin yana zamewa, to madubin ƙara girma ne a kunne, wato Magnifier. Sau da yawa hannu ne ya danna madannin Windows da alamar + ba da niyya ba. Danna Windows da Esc tare, shi ke nan.

Idan kuwa taga ɗaya ce ta yi tsawo har madannin OK ya nutse a ƙasa, ko samanta ya ɓace, danna Alt da Space, sannan M, ka jawo ta da madannan kibiya, ka danna Enter. Windows da kibiyar sama kuma na daidaita ta da allo. Tagar da ta ɓace gaba ɗaya bayan an cire allo na biyu, kwamfutar ce ke zaton allon na nan: danna Windows da P ka zaɓi PC screen only.

Na ukun shi ne inda aiki yake: gefuna huɗu duk sun yanke, layin ƙasa mai ɗauke da agogo ba ya bayyana.

Danna linzami na dama a wurin da babu komai a fuskar allo, ka shiga Display settings. A Display resolution zaɓi wanda aka rubuta Recommended a gabansa, domin shi ne ainihin yawan ɗigon da aka ƙera allon da shi, galibi 1366 x 768 a ƙananan laftof ko 1920 x 1080. Idan hoton ya lalace kada ka firgita, bayan daƙiƙa 15 zai koma yadda yake muddin ba ka amince ba. Duba Scale ma, wato ma'aunin girman rubutu da tagogi. Kashi 150 a kan allon 1366 x 768 ya yi yawa, shi ke sa tagogi su kasa shiga. Mayar da shi 100.

Wanda ya haɗa kwamfuta da talabijin ta wayar HDMI, yawanci laifin ba na kwamfutar ba ne. Talabijin ya gaji wata ɗabi'a tun zamanin masu ƙeya: yana ɗan buɗe hoto ya yanke bakinsa don ɓoye dattin sigina. A fim ba a lura, amma a kwamfuta nan ne agogo da madannin Start suke. Gyaran da ya fi kyau a rimot yake. Shiga saitin girman hoto ka nemi Just Scan a LG, Fit to Screen ko Screen Fit a Samsung, Full Pixel a Sony. Wannan ya fi rage hoton daga kwamfuta nesa ba kusa ba, domin kowane ɗigo zai zauna a gurbinsa, rubutu ya fito tas.

Sai idan talabijin ba shi da wannan zaɓi ne za ka koma manhajar katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa hoto a cikin kwamfuta. A NVIDIA Control Panel akwai Adjust desktop size and position, a ta AMD kuma HDMI Scaling. Ja ma'aunin a hankali har kusurwoyi huɗu su bayyana. Rubutu zai ɗan dushe, amma komai zai shigo.

Allo mai wayar VGA, mai kai shuɗi, galibi yana da madannin Auto a jikinsa. Danna sau ɗaya ya daidaita kansa.

Idan lambar da ta dace ba ta cikin jerin Display resolution kwata-kwata, buɗe Device Manager ka duba Display adapters. Ganin Microsoft Basic Display Adapter na nufin direban katin hoto, wato manhajar da ke sa shi aiki, bai hau ba. Sauko da shi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ka saka, ka sake kunna ta, sannan ka koma ka zaɓi lambar.