Yadda Ake Kafa Dokokin Tantance Bayanai da JSON Schema

JSON tsari ne na rubuta bayanan da manhajoji ke musaya, JSON Schema kuwa hanya ce ta rubuta dokokin da bayanan za su bi. Fara da ayyana nau'in kowane fili, wato gurbin bayani kamar suna ko shekaru. Shekarun mutum `integer` ne, wato cikakken adadi, ka ɗaure shi da `minimum` (mafi ƙanƙanta) 0 da `maximum` (mafi girma) 120. Lambar waya kuwa, duk da sunanta, `string` ce, wato rubutu: in ka mai da ita adadi, sifilin farko zai ɓace. Suna yana buƙatar `minLength` (mafi ƙarancin tsawon rubutu) 1, domin rubutun da babu komai a cikinsa ma `string` ne, zai wuce lafiya lau.

An fi yin tuntuɓe a `required`, wato jerin filayen da dole a kawo su. Ambaton fili a `properties`, inda ake ayyana filaye, bai wajabta shi ba, sai ka jera sunansa a `required`. Sa `additionalProperties` ya zama `false` domin a ƙi filayen da ba ka ayyana ba, in ba haka ba duk filin da aka cusa zai shige. A sabar, wato kwamfutar da ke karɓar bayanan, ake tantancewa, domin ta burauza ana iya tsallake ta.