Yadda ake cewa abu ya ƙara taɓarɓarewa da Turanci

Kafin ka zaɓi kalma, fara tantance abu ɗaya: shin abin da kansa yake lalacewa, ko wani abu ne ya ƙara masa muni? A nan ɗalibai da dama ke tuntuɓe a insha'in WAEC da NECO.

Idan da kansa ne, ɗauki "deteriorate". Ta dace da jikin majiyyaci, da titin da damina ta cinye, da zumuncin da ya fara tsami. "His condition deteriorated overnight" na nufin jikinsa ya yi tsanani cikin dare. Ba a cika ba ta karɓau (wato abin da aikin ya faɗa wa) ba, don haka ka guji "The rain deteriorated the road". Gaɓoɓinta biyar ne, kada ka haɗiye ta huɗun wajen furuci.

Idan kuwa wani abu ne ya ta'azzara lamarin, sai "aggravate" ko "exacerbate". Duka biyun sai da karɓau, kuma dole matsalar ta riga ta kasance, kamar yadda ba a fama ciwon da babu shi. "Dust aggravates asthma": ƙurar hunturu ba ita ta kawo asma ba, tayar da ita take yi. "Exacerbate" ta fi zama a rahoto da jarida, a hira tana da nauyi. A kiyaye rikita ta da "exasperate", wadda ke nufin ƙular da mutum.

In ka yi shakka, "worsen" ba ta ba da kunya, domin tana aiki ta fuska biyun: "The pain worsened" daidai ne, "Smoke worsened the cough" ma haka.

"Escalate" ta rikici ce da farashi, abin da ke hawa mataki-mataki. "Degenerate" kuma takan tafi da "into", kamar muhawarar da ta rikiɗe ta koma dambe: "The debate degenerated into a fight".

Wani kuskuren da ke yawo shi ne na "worse" da "worst". Jerin shi ne "bad", "worse", "worst". Abin da ke ƙara muni "is getting worse" yake, ba "worst" ba, don ita ta ƙarshen sai an kai maƙura, kuma galibi da "the" a gabanta. "More worse" kuwa babu ita a daidaitaccen Turanci, kwatancin yana cikin "worse" tun asali. In kana son ƙarfafawa, ka ce "much worse" ko "far worse".